Tauraron da Aka Ce Shi Kaɗai Ne

Kusfa, cikin Birnin Zariya
Ranar Talata, da hantsi

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a Ikko, ya sa ka gama da takardun tafiyarka ba tare da an wahalar da kai ba. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin zuciyarka. Ita na fi ji maka tsoro, domin na san inda ka gado ta.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda kwana goma kacal ke nan da fitarka, kuma za ka dawo ka yi sallama kafin ka hau jirgi. To, ka san ni. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina ne a kanka, ban taɓa iya duban idonka in faɗa maka abin da ke raina ba. In ka zauna a gabana sai in tambaye ka ya rana, ya hanya, in sallame ka. Takarda kuwa ba na jin kunyarta. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, idon ne ya ƙi, sai na fito tsakar gida cikin rana nake ganin abin da hannuna ke yi.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Magana ɗaya ce. Ka ce za ka tafi ƙasar Turawa shekara huɗu kai kaɗai, ka bar matarka Zainabu a nan, wai ta kula da ni. Ban yarda ba. Kafin ka ɗaure fuska irin ɗaurewata, ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna ranar da na tsare ka a zaure bayan La'asar, na ce ka gaya mini da Hausa, ban da Turancinku, wane aiki ne wannan da za a ɗauke ka a jirgi saboda shi? Ka ce ƙirga za ku yi. Wai akwai taurari masu yawa irin ranarmu sak, a girma da zafi da launi, nisa ne kawai ya mayar da su ƙanana. Abin da kuke son sani shi ne, cikinsu nawa ne ke tafiya su kaɗai, nawa ne kuma ke da abokin tafiya, wani tauraron da suke zagaya juna. Na ce, to, cikin goma nawa? Ka ce, "Baba, abin da aka gano zuwa yanzu wajen rabi ne, wasu ma na cewa sun haura rabi. Wanda ya fi kusa da mu cikin waɗanda ido ke gani, ɗaya za ka ɗauka, amma in aka sa madubin hange sai ka ga biyu ne, kowanne kusan kamar rana." Na yi maka dariya, na ce ashe duk da na'urorinku ba ku gama sani ba.

Ka ce abin da ya hana a gama shi ne, abokin tafiyar sau da yawa ba ya ganuwa. Ko ya yi ƙanƙanta, ko hasken babban ya shanye shi. Sai dai a zuba wa babban ido shekara da shekaru ana auna haskensa. In an ga yana ɗan matsowa yana ja da baya, yana matsowa yana ja da baya, to akwai mai jan sa. Ka kwatanta mini da babban mutum in ya kama hannun yaro yana wulwula shi, ka ce ai shi ma babban sai ya yi tangaɗi. Wani abokin cikin kwanaki kaɗan yake zagayowa, wani kuwa mai aunawar zai mutu, ɗalibinsa ya mutu, bai kammala zagaye ɗaya ba. Sannan ka faɗi abin da ya hana ni cin tuwo a ranar. Ka ce, "Shi ya sa malaminmu ya hana mu rubuta cewa tauraro ba shi da aboki. Sai dai mu rubuta ba a ga abokinsa ba tukuna."

Kai ka faɗa ka tashi ka tafi alwala. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a ƙirji. Kada ka ɗauka zan ce taurari suna koyar da zaman aure, ban ruɗe haka ba tukuna. Tauraro ba ruwansa da Zainabu. Abin da ya kama ni shi ne, ni ma shekara talatin ina ƙirga taurari, kuma ni na yanke wa kaina hukuncin cewa ba ni da aboki, ba na bukatar kowa. An binne mutane a kan wannan hukuncin, kuma ba ka san yadda aka yi ba.

Ka san aikin gidanmu, amma daga nesa ka san shi, domin makarantar kwana ta ɗauke ka da wuri. Bari in faɗa maka kamar baƙo. Shekara tana da taurari ashirin da takwas, kowanne da kwanansa goma sha uku, in ban da Jabaha mai goma sha huɗu. Manoman ƙauyukan da ke bayan Ƙofar Gayan ba sa zuba iri da zuciya ɗaya sai sun zo zaurenmu sun tambayi wane tauraro ake ciki. Kakanka Malam ya bar mana ƙa'ida: ruwan da ya sauka cikin Dabaran ba a amince masa ko da ya cika rafi, sai Haƙa'a ta shiga ake shuka dawa. Lissafin kuwa da kasko biyu ake riƙe shi, da tsakuwa goma sha uku. Kullum bayan sallar Asuba ka ɗauki tsakuwa ɗaya daga wannan kasko ka sa a wancan. Ranar da suka ƙare, ka ja layi da gawayi a bango, sabon tauraro ya shiga. Amma Malam bai taɓa yarda mutum ɗaya ya riƙe ba. Ni ina da kasakena a ɗakina, ƙanena Ilyasu, Baffanka, yana da nasa a ɗakinsa, ba mai leƙa na wani. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci mu kawo su zaure mu gwada. In sun saɓa, ba a ba manomi amsa sai an gano wanda ya yi mantuwa.

Wata Juma'a, bayan rasuwar Malam da shekara uku, suka saɓa da tsakuwa ɗaya. Zaure cike da mutane, har da wani Alhaji malamin gona da ya zo ganin yadda muke yi. Ilyasu, da sanyin muryarsa, ya ce, "Yaya, ina jin ran Talata da muka yi sammakon jana'iza ba ka ɗauke ba." Gaskiyarsa ce, wallahi nan take na tuna. Sai Alhajin ya yi murmushi ya ce, "Ashe ƙaramin malam ne ke riƙe da babban." Abba, ji na yi kamar an tuɓe mini rawani a kasuwa. Maimakon in ce na gode, sai na miƙe na sa ƙafa na ture kasakensa, ɗaya ya fashe. Na ce gidan Malam ba ya bukatar masu ƙirga biyu, rana ma guda ce a sama, ba ta taɓa neman mai taya ta ba. Ka ji maganar banza, ni kuwa a lokacin gani nake na faɗi hikima! Ilyasu ya durƙusa ya tsince tsakuwoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya koma Tukur-Tukur, na kuma hana kowa na gidana taka ƙofarsa. Yau shekara goma sha huɗu ke nan.

To, ga abin da zan ce maka. Inda za ka je za a gyara maka lissafi a gaban mutane, ba makawa. Kana baƙo, fatarka daban, harshenka daban, abin zai yi maka zafi ninki biyu, za ka ga kamar raini ne. Wani lokacin ma rainin ne. Duk da haka ka fara duba lissafin kafin ka duba fuskar mai gyaran. In gaskiyarsa ce, ka ce na gode da sauri, tun kafin zafin ya hau maka kai, domin in ya hau ba ka da iko da bakinka. Ni ban da iko da ƙafata ma.

Bayan tafiyar Ilyasu na yi shekara biyar ina riƙe da lissafi ni kaɗai, ban taɓa kuskure ba ko na kwana ɗaya. Kai, na yi fankama! Duk manomin da ya zo sai na gaya masa, ga shi nan, mai ƙirga ɗaya ya wadatar. Na kafa doka a gida cewa duk wanda ya taɓa mini kasakena zai gamu da ni, har Innarka, Allah ya jiƙanta.

Sai shekarar nan ta zo da ake layin sabulu da madara, kana shekararka ta farko a jami'a. Daminar baya ta yi gardama, rumbuna wayam. Cikin bazara, tauraron Surayya na shiga, shawara ta kwantar da ni. Idona ya koma kamar ɗorawa, ban san safe ba, ban san yamma ba. Abu ɗaya ne ban saki ba: kullum in na ji kiran Asuba sai in ja jiki in lalubi kasko in ɗauke tsakuwa ɗaya, in koma in kwanta. Cikin ciwon nan sau biyu ina lalubawa in ji kasko ya ƙare, sau biyu ina jan layi a bango. Da na samu kaina, bango ya ce mini Surayya ta wuce, Dabaran ya wuce, Haƙa'a ta shiga.

Zuciyata ta gaya mini kwanakin nan sun yi gudu. Ban ji na kwanta kwana ashirin da shida ba. Ga kalandar gwamnati rataye a ɗakinka, taku goma daga ɗakina, da na duba da magana ta ƙare. Na ce ni, ɗan Malam, in tambayi takardar Bature wane tauraro ake ciki? Innarka ta kawo mini kunu, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi, ta ce, "Malam, anya kaskon nan daidai yake kuwa?" Na daka mata tsawa, na ce yaushe mace ta fara lissafin taurari. Ta buɗe baki za ta ƙara, na nuna mata ƙofa.

A cikin makon aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari manoma suka cika zaure. Kafin in fito, sai ga Ilyasu a ƙofar gida, karo na farko cikin shekara biyar. Bai shigo ba, daga waje ya tsaya, takalmansa duk laka. Ya ce, "Yaya, don girman Allah kada ka ba su amsa yau. Nawa kaskon cewa yake Dabaran bai fi kwana uku da shiga ba." Na ce, "Wa ya tambaye ka?" Na juya masa baya na shiga zaure.

Akwai wani manomi, Ɗanlami, dogo mai yawan fara'a, wanda tun zamanin Malam yake kawo mana dankali in ya haƙa. Shi ya yi magana a madadin sauran. Ya ce, "Malam, irin da ya rage mana ke nan. Hana yara ci muka yi muka ajiye shi. Mu zuba?" Na ce, "Ku zuba, Haƙa'a ce." Ko in sha Allahu ban ce ba.

Suka zuba. Dawa ta tsiro gwanin kyau, sannan sama ta rufe bakinta fiye da mako uku. Tsiron ya ƙone a tsaye. Da ruwan gaske ya zo, babu iri. Wasu sun samu ɗan abin da suka sake zubawa daga dangi, Ɗanlami bai samu na kirki ba. Na sani ruwa na Allah ne, ko cikin Haƙa'a yana iya ɗaukewa, na gaya wa kaina haka sau dubu. Amma mutanen nan tabbaci suka zo nema, na ba su tabbacin da ba ni da shi. Tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta fi cizo, Ɗanlami ya zo zaure. Ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Malam, yara biyu sun tafi, kumburi ne. Na zo in gaya maka ne kawai, tunda kai ka ce mu zuba." Ya ɗan zauna, ya tashi ya tafi. Ban sake ganinsa ba, an ce ya bi hanyar kudu neman aikin ƙarfi.

Abba, a aikinku ba wanda zai zuba iri saboda maganarka, na sani. Amma hali ɗaya ne. Ranar da zuciyarka ta ce maka anya, tsaya ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya ba kwa ga-maciji da shi. Kuma in ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Ni na ji nauyin faɗin kalmomi uku, aka haƙa kabari biyu.

Yanzu ga wadda ta fi yi mini wuyar rubutawa. Na ajiye alƙalami na sha ruwa kafin in ci gaba.

Ranar da Ɗanlami ya zo da labarin yaransa, Innarka ta ji komai daga bayan ƙofa. Da La'asar ta shigo ɗakina ta durƙusa. Ta ce lokacin da nake kwance, in ta shigo da hantsi ta gan ni kamar gawa, sai ta ɗauka ban iya tashi na ɗauke tsakuwa ba, sai ta ɗauke mini don kada lissafina ya tsaya. Ni in ɗauke da Asuba, ita ta ɗauke da hantsi, kwana goma sha uku. Abin da ya tura ni gaba da tauraro guda ke nan. Ta ce da ta gane ta so ta gaya mini, na kore ta, tsoro ya hana ta komawa. Tana kuka tana cewa, "Malam, ka yafe mini, taimako na yi nufi."

Ka san abin da na ji? Daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Na samu wanda zan ɗora wa. Na ce mata, "Ke kika kashe yaran nan." Ban tsaya nan ba. Washegari a ƙofar masallaci na gaya wa mutane cewa lissafina bai taɓa kuskure ba, hannun mace ne ya shiga kasko. Kafin yamma magana ta zagaye Kusfa. Matan da suke zuwa wurinta koyon saƙa suka ɗauke ƙafa. In an yi suna a maƙwabta ba a aiko mata. Ni kuwa a cikin gida na daina yi mata magana in ban da to da a'a. Ta kawo abinci in ci, ta wanke kaya in sa. Shekara biyu muna haka. Kana zuwa hutu kana ganin shirun, ka tambaye ta, ta ce maka ba komai, tsufa ne.

Cikin shekarun nan biyu tana ciwo, ni kuma ina kallo. Na ga ta fara daka a zaune. Na ga in ta taso daga madafi sai ta tsaya ta dafa bango ta yi numfashi kafin ta ƙaraso. Na ga ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk na gani, idona da sauran ƙarfinsa a lokacin. Ko sau ɗaya ban ce mata me ke damunki ba, domin in na tambaya na karya fushina. Ranar da aka kai ta asibiti likita ya dube ni ya ce, "Malam, zuciyar nan ta daɗe tana wahala, ina kuke?" Kwana huɗu ta yi. Ranar ƙarshe na je na tsaya a kanta, maganar na bakina, na ce bari dai ta ɗan farfaɗo tukuna.

Ranar sadakar uku Hajiya Ladi, matar Baffanka, ta tare ni a soron ciki, idonta jawur. Ta ce, "Malam, yau sai na faɗa, in ka ga dama ka kore ni." Ta ce tun makon da suka bar gidan nan, duk Juma'a Innarka tana aika mai kitson da ke zagaya gidajenmu ta tambayo mata tsakuwa nawa ne a kaskon Ilyasu. In na fita masallaci sai ta shiga ta gwada da nawa. In na yi mantuwa ta gyara, ta fito ba wanda ya sani. Na ce sau nawa? Ta ce, "Ita ma ba ta san iyaka ba. Kai mai mantuwa ne, Malam, kowa ya sani sai kai." Ta ce makonnin da nake kwance ne kawai ba a yi aiken ba, domin Innarka ba ta zauna kitso ba, tana kaina dare da rana. Da ta samu ta aika ta ga saɓanin, ita ta roƙi Ilyasu ya zo ya tsayar da ni.

Ka ji shekara biyar ɗin da nake fankama da su. Ba nawa ba ne, nata ne da na Ilyasu. Ban taɓa riƙe lissafi ni kaɗai ba ko na wata guda. Matar da ta tsare mini mutunci shekara biyar a ɓoye, ita na kai ƙofar masallaci na tozarta saboda kwana goma sha uku. Kuma ban tashi a ƙofar masallacin nan na wanke ta ba, har yau. Kai ne mutum na farko da na gaya wa. In ka ji ka tsane ni, ba ka yi laifi ba, ni ma na daɗe da tsanar kaina.

To, mu dawo kanka. Idona ya tafi amma kunnena na nan, kuma bangon da ke tsakanin ɗakina da naku ba shi da kauri. Shekara biyu ina jin ku in ta dawo daga makarantar da take koyar da lissafi. Kana karanto lambobi tana bi, can sai in ji ta ce, "Malam, sake duba layi na uku, ka bar alamar ɗebewa." Ka yi tsaki, sannan ka ce haka ne. Takardar da ta sa Turawan nan suka kira ka, sau nawa ta bi ta da jan biro? Amma ranar walimar da abokanka suka yi maka a zaure, wani ya tambaye ka wa ya taimake ka, ka ce, "Ni da Allah." Aka yi dariya aka tafa. Zainabu tana bayan labule tana miƙo abinci. Na ji ƙarar faranti ta tsaya. Ni kuwa muryata na ji ta fito daga bakinka.

Kuma wasiƙar makarantar da ka karanta mini, ka tsallake layi. Na ji inda numfashinka ya yi tsalle. Bayan tafiyarka na sa Zainabu ta karanta mini ita duka, kada ka ga laifinta, ni na tilasta mata. Sun ce akwai ɗaki ga mai iyali, kuma za su taimaka da takardun matar in an nema da wuri. Haba Abba! Ni za ka yi wa wayo? Na yarda kana tausayina, amma ba shi ne duka ba. So kake ka je can a gan ka kai kaɗai, ka dawo a ce shi kaɗai ya yi. Ka bar yarinyar mutane shekara huɗu tana dafa wa makaho mai baƙin hali tuwo, ilminta na ruɓewa, tana jiran kaset ɗin saƙonka daga wata zuwa wata. Ita ba za ta ce maka komai ba, irin Innarka ce, haɗiyewa take yi. Da na tambaye ta ko tana son zuwa, cewa ta yi, "Duk yadda Malam ya ce, Baba." Muryarta kuwa ta gaya mini sauran.

Kana Ikko, ofisoshin suna kusa da kai. Ka nemi takardunta yanzu. In za a jinkirta tafiyar da wata ɗaya ko biyu, a jinkirta, taurarin da ka ce wasu sai sun shekara ɗaruruwa kafin su zagayo ba za su gudu ba. In kun je, ka sa sunanta inda ya kamata a sa. In ka ga ta yi shiru fiye da yadda ka saba, ka tambaye ta a ranar, kada ka bari sai gobe.

Na san abin da za ka ce: to Baba fa, wa zai kula da shi? Na riga ka. Jiya na sa aka ɗauke ni a tasi zuwa Tukur-Tukur. Ka san tun bara ɓarin jikin Baffanka ya shanye. Na ji a lokacin, na ce zan je, ban je ba. Hajiya Ladi ce ta fito. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Sai yau?" Na ce sai yau. Ta kai ni ɗakinsa. Yana kwance a kan katifa, ya ƙanƙance, ƙanena da nake goyo. Na durƙusa na kama hannunsa mai lafiyar, na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa tun shekara goma sha huɗu. Na ce Ilyasu ka yafe mini. Na faɗa sau uku. Bakinsa ya motsa, wani sauti ya fito, ba kalma ba ce. Na sunkuya na kai kunnena, ya sake yi, ban gane ba. Na juya na tambayi Hajiya Ladi me ya ce. Ta ce, "Ba wanda ya sani, Malam. Wata takwas ke nan ba ya magana. Da ka zo kafin azumin bara da ka ji da kunnenka."

Ban san ko ya yafe ba, kuma ba zan sani ba. Bai janye hannunsa ba, amma wataƙila ba shi da ƙarfin janyewa ne.

Na roƙe ta ɗakin da ke kusa da zaurensu. Ta ce ba don halina ba, don Innarka za ta ba ni. Ran Asabar zan kwashe tabarmata da littattafaina in koma can. Ina iya ba shi kunu a baki, ina iya kore masa ƙuda, ina iya yi masa karatu da ka, wannan ba ya bukatar ido. Kafin in tafi, ran Juma'a, zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗi gaskiyar abin da Innarka ta yi, ko da rabin waɗanda suka ji ƙaryar sun riga ta kwanta. Gidan Kusfa zan rufe shi, Zainabu za ta koma gidan iyayenta ta jira ka. Saboda haka babu wani tsoho da za ka bar wa mata. Hujjarka ta faɗi.

In ka dawo yin sallama, a Tukur-Tukur za ka same ni. Ku zo ku biyu, da akwatunanku. In ka zo kai kaɗai ba zan rufe maka ƙofa ba, zan ɗora hannu a kanka in yi maka addu'a, domin ni na haife ka. Amma zan san cewa na tone kabarin uwarka a takarda a banza.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya, ya tsare ku daga sanyin ƙasar da kaɗaicinta. Allah ya ba ka ilmi mai amfani, ya ba ka harshen da zai iya cewa na yi kuskure tun mai ji yana da rai. Allah ya jiƙan Innarka, ya haskaka makwancinta, ya saka mata da abin da ni na hana ta. Ka sa yaran Ɗanlami cikin addu'arka, ni ko sunayensu ban tambaya ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Yakubu